Tsohon jirgin ruwan shaƙatawa: in saya?

Tambaya: Malam, a Legas aka min tayin tsohon jirgin ruwan shaƙatawa mai injin dizal biyu, araha sosai. Riƙonsa fa, zai ci kuɗi?

Amsa: Ɗan'uwa, zai ci kam. Masu harkar kan ƙiyasta kashi 10 cikin 100 na darajar jirgi duk shekara, tsoho kuwa yakan zarce. Ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe, dole a riƙa ciro jirgin a kankare ƙananan halittun da suka manne a gindinsa a sake fenti, ga kuɗin wurin ɗaurewa ga inshora ga dizal, kuma inji biyu sabis biyu kenan. Abin da ya fi damuna tsofaffin wayoyin lantarki ne, suna jawo gobara. Don Allah kar ka biya sai gwani ya duba shi a tudu.