Hukuncin dukan ɗalibi da damƙa wa manyan ɗalibai bulala

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malama ce a makarantar sakandare ta kwana. Cin zali ya yi yawa tsakanin ɗalibanmu, manya suna gallaza wa ƙanana, galibi da dare bayan malamai sun tashi. Hukumar makaranta ta hana duka kwata-kwata, amma wasu abokan aikina sun ce hanin ya saɓa wa shari'a, tunda hadisi ya ce a doki yaro a kan salla. Saboda haka suna duka a ɓoye, wasu ma sukan miƙa wa shugabannin ɗalibai bulala su yi horo a madadinsu. Kwanan baya an ji wa wani yaro ciwo a kunne, aka ce mu ja bakinmu mu yi shiru kada sunan makaranta ya ɓaci. Mene ne hukuncin wannan duka, kuma ina da laifi idan na yi shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya, ba ki bi yarima an sha kiɗa ba.

Hadisin da abokan aikinki suke kafa hujja da shi yana nan. Abu Dawud ya ruwaito shi daga Amru ɗan Shu'aibu, daga mahaifinsa, daga kakansa, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a umarci yara da salla suna da shekara 7, a doke su a kanta suna da shekara 10, a kuma raba makwancinsu. To amma da wa ake magana? Da iyaye. A kan me? A kan salla, ginshiƙin addini. Kuma tsakanin umarni da duka an bar shekara uku cur na koyarwa da lallashi. Wanda ya ɗauko wannan nassi ya halatta wa kansa zane yaro don ya makara ko ya kasa lissafi, ya ɗora wa hadisin kayan da ba nasa ba.

Shi kansa Annabi (SAW) da ya faɗi hadisin, yaya ya yi tarbiyya? Nana A'isha (RA) ta ce bai taɓa dukan kowa da hannunsa ba, mace ko hadimi, sai dai a fagen jihadi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Da Annabi (SAW) ya tarar da Abu Mas'ud yana dukan bawansa da bulala, ce masa ya yi ya sani Allah ya fi iko a kansa fiye da ikonsa a kan yaron, nan take Abu Mas'ud ya 'yanta shi. Don haka barin duka shi ne aikin Annabi (SAW). Iyakar abin da za a ce game da dukan ladabtarwa, rangwame ne mai ƙunci da malaman fiƙihu suka kewaye da sharuɗɗa.

Sharuɗɗan nan kuwa ba sabbi ba ne, balle a ce daga waje aka kawo mana su. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan a Tunisiya da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman makaranta, inda ya tsayar da horo a kan bulala uku, ba a wuce haka sai da izinin uba. Alƙabisi, shi ma malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a 403, ya faɗaɗa maganar: malami ba ya duka yana cikin fushi, don a lokacin huce haushinsa yake yi, kuma ba a taɓa kai ko fuska. Hanin dukan fuska ma yana cikin Bukhari da Muslim, haka nan hanin wuce bulala 10 in ba a haddi ba. Ibn Khaldun ya ware babi a littafinsa Muƙaddima yana bayanin cewa tsanani a kan ɗalibai cutar da su yake yi, yana koya musu ƙarya da yaudara da kasala, don yaron da ke tsoron hannu yakan ɓoye abin da ke ransa. Ki duba dukan da ake yi a wurinku da adalci. Nawa ne daga ciki ya cika ko rabin waɗannan sharuɗɗa?

Sai batun hanin hukuma. Bai saɓa wa shari'a ba. Duka ba wajibi ba ne a kan malami, kuma mai iko yana da damar taƙaita abin da yake halal idan ya ga ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa. Malamin da ya karɓi aiki ya karɓe shi ne bisa dokokin wurin, Allah kuwa ya ce a farkon Suratul Ma'ida a cika alkawura, hadisi kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Ikon malami a kan ɗan wani aro ne daga iyaye da hukuma, idan suka janye shi ya janyu. Saboda haka dukan da abokan aikinki suke yi a ɓoye bai halatta ba. Ɓoyewar ma da suke yi ta isa ta sa su tuhumi kansu.

Miƙa wa manyan ɗalibai bulala kuwa ya fi muni, kuma a ganina nan ne tushen matsalarku. Alƙabisi ya kawo cewa Sahnun, mahaifin Muhammadu ɗin nan, ya so kada malami ya wakilta wani yaro ya doki yaro, ya kuma yaba wannan ra'ayi, dalilinsa shi ne yara akwai ƙullatar juna da jayayya a tsakaninsu, mai ƙarfi zai wuce gona da iri. Yaron da aka ba shi bulala da rana a gaban malami ba zai ajiye ta da dare ba. Ƙaramin da aka zane yau yana lissafin shekarun da suka rage masa ya zama babba ya rama a kan wani, haka abin zai yi ta gadon kansa aji bayan aji. Malamin da ya miƙa bulalar yana da kamasho a cikin duk abin da aka aikata da ita. Ana iya ba shugaban ɗalibai aikin tsara layi, lura da tsafta da kai rahoto, amma jikin ɗan'uwansa ba a hannunsa yake ba. Gwale-gwale mai galabaitarwa shi ma duka ne, ko da ba a ɗaga hannu ba.

Game da yaron da aka ji wa ciwo, shiru bai halatta ba. Suturar da shari'a ta kwaɗaitar a kai ita ce ta laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Wannan kuwa haƙƙin wani ne, yaro mai rauni da iyayensa suka ba ku amana. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta ce mai ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Wajibi ne a kai shi likita ba tare da jinkiri ba, a kuma gaya wa iyayensa gaskiyar abin da ya faru. Kunne ba abin wasa ba ne a fiƙihu: gushewar ji gaba ɗaya diyya ce cikakkiya, na kunne ɗaya kuma rabi. Idan malami ne ya yi dukan har ya ƙetare iyaka, malamai sun haɗu a kan cewa akwai lamuni a kansa, wato biyan ɓarnar da ya yi. Shafi'iyya ma sun ɗora masa lamuni ko da bai ƙetare ba, don a wurinsu ladabtarwa tana da sharaɗin ƙarewa lafiya. Idan ɗalibi ne, sai a duba shekarunsa. Wanda bai balaga ba babu ƙisasi a kansa, mafi yawan malamai suna ɗaukar gangancinsa a matsayin kuskure, amma haƙƙin wanda aka cuta bai faɗi ba. Da yawa daga 'yan manyan azuzuwa kuwa balagaggu ne, alƙalami yana rubutu a kansu, a daina kiran abin da suke yi ƙuruciya. Ƙayyade abin da za a biya aikin alƙali ne ko sulhun da iyaye suka yarda da shi, makaranta ba ta da ikon yafewa a madadinsu.

Ki fara da shugaban makaranta, ki faɗa masa a fili kuma a rubuce. Idan ya toshe kunne, ki kai maganar ga waɗanda ke sama da shi. Kada ki watsa sunan yaron ko hotonsa a intanet, wannan wata cutar ce daban.

Za a ce miki, to in babu bulala da me za a tsare yaran? Ke da bakinki kin ce abin yana faruwa ne da dare bayan malamai sun tashi. Ashe rashin ido ne ya jawo shi. Hadisin da suka haddace tsakiyarsa, ƙarshensa cewa ya yi a raba makwanci, wato a tsara wurin kwana yadda ɓarna ba za ta samu ƙofa ba. A raba ɗakunan manya da na ƙanana, a sa babba mai amana ya kwana kusa, a ɗauke wuƙa da duk ƙarfe mai kaifi, don Muslim ya ruwaito cewa mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe. A buɗe wa ƙanana hanyar kai ƙara wadda ba za ta tona su ba. A tsawata tun daga izgili da laƙabin banza da aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana, don daga nan faɗa yake tasowa. Mai cin zali a kira iyayensa, a sauke shi daga muƙami, a sa shi ya biya abin da ya ƙwace ya nemi afuwa, in ya ƙi ji a dakatar da shi, in zamansa ya zama haɗari ga sauran a sallame shi. Wannan ma taimakonsa ne, kamar yadda ya zo a Bukhari cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci.

Allah ne mafi sani.