Tambayoyinku: rage ƙiba a tsakiyar bukukuwa

Tambaya: Na yi wata huɗu ina kula da abin da nake ci, na rage kilo shida. Kwana biyu kacal na yi ina zuwa gidajen 'yan'uwa, yau na hau sikeli na ga kilo biyu sun dawo, har kuka na yi. Shin wahalar banza na sha kenan?

Amsa: Haba 'yar'uwa, share hawayenki. Kilo biyun nan yawancinsa ruwa ne. In kika ci abinci mai sitaci da gishiri da yawa, jiki yana ajiye sitacin a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe ruwa kusan giram uku, ga abincin da bai gama fita daga ciki ba. Kafin mutum ya tara kilo ɗaya na kitse zalla sai ya ci kusan kalori 7,700 bayan abin da jikinsa ke buƙata, kwana biyu ba su isa ba. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a shekarar 2000 ya bi mutum 195 a Amurka lokacin hutun ƙarshen shekara, ya gano yawanci ƙarin bai kai rabin kilo ba. Damuwar ita ce mutane ba sa sauke shi bayan hutu, sai ya yi ta taruwa shekara bayan shekara. Ki koma tsarinki gobe da safe, ki bar sikelin nan ya huta sati guda.

Tambaya: Zan iya ƙin cin komai tun safe don in samu damar cin abincin walima da daddare?

Amsa: A'a malam. Za ka isa wurin da yunwa kamar ka cinye faranti, ka ci ninki biyu. Ci abinka da rana, ka je can ka ɗibi faranti ɗaya, ka rage lemun kwalba. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai mililita 330 yana da sikari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce kusan giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ma ya fi.

Tambaya: Wata tana tallar shayin rage tumbi a Instagram, ta ce kilo goma cikin sati biyu, in sha in ci duk abin da nake so lokacin biki. In saya?

Amsa: Wallahi wannan tambayar ce ke ci min tuwo a ƙwarya, duk shekara sai ta zo. Kar ki saya. Yawancin shayin nan ganyen senna ne a ciki, maganin sa gudawa ne, kina ta zaryar banɗaki kina ganin cikinki ya ɗan lafa, kina murna kitse ya narke, ashe ruwan jikinki ne da sinadaran da zuciya ke buƙata suke tafiya, ranar da kika daina sha kilon ya dawo, wasu ma hanjinsu ya saba sai da shayin suke iya bayan gida. Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai wani maganin rage ƙiba, sibutramine, da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a shekarar 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yanzu hukumar kula da magunguna ta Amurka tana kama shi ɓoye cikin kayan da aka rubuta musu "na ganye zalla". Ke da ba ki san ko kina da hawan jini ba, za ki zuba wa cikinki abin da ko sunan kamfanin ba a rubuta a kwalin ba, don kawai kin ga hoton "da" da "yanzu" wanda aka ɗauka ɗaya an saki ciki, ɗaya an shanye numfashi? Yanzu kuma an shigo da allurai. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, allurar ciwon sukari da mutane ke yi don rage ƙiba, da aka samu a Brazil da Birtaniya da Amurka. In allura kike tunani, likita ne zai duba ki ya rubuta, ba mai talla a waya ba. Ragi mai ɗorewa rabin kilo zuwa kilo ɗaya ne a sati, duk wanda ya yi miki alkawarin goma cikin sati biyu kuɗinki yake so.

Tambaya: Belt ɗin matse ciki yana ƙona kitse in na ɗaura na je biki?

Amsa: Ba ya ƙona komai sai dai ya hana ki numfashi da kyau ki yi ta gumi. In don kaya su zauna miki na awa biyu ne, to wannan ruwanki, amma ki cire shi kafin ki kwanta.