Tambaya da Amsa: An turo mana faci, mu karɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu ɗalibai ne a Yelwa, Bauchi, muna kula da wani ƙaramin laburaren manhaja (tarin kod da sauran manhajoji ke amfani da shi) da muka rubuta da yaren C, kuma da Libtool, manhajar da ke taimakawa wajen gina laburare, muke sa masa lambar siga. Wani bawan Allah ya turo mana faci, wato gyaran da yake so mu shigar cikin kod ɗin: ya cire aiki (function) ɗaya da ya tsufa, ya ƙara sababbi biyu, ya mai da lambar daga 4:1:2 zuwa 5:0:3. Mu karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yan'uwa. Kada ku karɓa a yadda yake. Lambar ƙarshen nan ce matsalar.

A tsarin Libtool, lamba ta farko tana ƙirga sau nawa aka taɓa ƙofofin da sauran manhajoji ke bi su shiga laburaren. Ta biyu gyare-gyaren cikin gida ne. Ta uku kuwa alkawari ce: tana faɗin tsofaffin sigogi nawa ne har yanzu za su yi aiki lafiya. In ƙari kawai aka yi, ta farko da ta uku su hau da ɗaya, ta biyu ta koma 0. Amma da zarar an cire aiki ko an sauya shi, ta uku ma dole ta koma 0. Wato daidai shi ne 5:0:0.

Ga abin da zai faru in kun bar 3 ɗin. A Linux, ana cire ta uku daga ta farko don a sami lambar da ke jikin sunan laburaren. 4 a cire 2 saura 2. 5 a cire 3 ma saura 2. Kenan sunan bai motsa daga .so.2 ba. Tsohuwar manhaja za ta ɗauki sabon fayil da zaton nata ne, ta nemi aikin da aka cire ta rasa, ta tsaya cak a kwamfutar mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da 5:0:0 sunan zai zama .so.5, tsoho da sabo su zauna tare ba rigima.

Kada ku tsaya ga karatu da ido. Ku buɗe reshe daban a Git, manhajar adana tarihin kod, ku gwada git apply --check, in ya zauna ku shigar da git am, sannan make check da make distcheck. Daga nan ku sa nm -D a kan tsohon fayil da sabo, ku jera sunayen ayyukan da ke ciki ku kwatanta; readelf -d zai nuna muku sunan da aka maƙala wa laburaren. Akwai ɓarnar da nm ba ya gani, kamar a cusa sabon gurbi a tsakiyar struct, wato tsarin jera bayanai a C: sunaye na nan, amma girma da jeri sun sauya. Wannan sai abidiff, manhajar da ke gano irin wannan sauyi tsakanin tsohon fayil da sabo.

Ku kuma roƙe shi ya raba facin biyu, cirewa daban, ƙari daban, ya bar lambar. Ku masu gida ku ne za ku ɗaga ta, sau ɗaya, dab da fitar da sabuwar siga. Ku fara yi masa godiya, don ya ba ku lokacinsa kyauta.

Tambaya: Malam, ni daga Pantami nake a Gombe. Facin da aka turo min littafin bayani kawai ya taɓa. Shi ma sai na gwada?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malama. Mutane na kwafe misalin cikin littafi su liƙa ba tare da tunani ba, don haka kuskure ɗaya a ciki yakan bazu. Ki kwafi kowane umarni ki gwada shi da hannunki. In da Texinfo (wani tsarin rubuta littafin bayani) aka rubuta, ki bi ta kansa da umarnin makeinfo, zai nuna miki mahaɗin da ya karye. Ki sa ido sosai ga inda marubucin ya haɗa lambar fitowa, irin 1.4.2, da lambar Libtool, don ba abu ɗaya ba ne, kuma nan aka fi yin tuntuɓe. Tunda ba a taɓa kod ɗin laburaren ba, lambobin nan uku su tsaya yadda suke.