Baba yana kwance a asibiti, ni kuma ina ƙasar waje: me zan saya, yaushe zan taho?

Wasiƙun da na zaɓa a wannan makon duk sun fito ne daga mutanen da ke zaune a ƙasashen waje, kuma kowannensu yana da uwa ko uba a gadon asibiti. Na taƙaita su, na kuma cire duk abin da zai sa a gane masu su.

Tambaya: Mahaifina ya faɗi ya karye a ƙugu, an yi masa aiki, kuma an ce zai daɗe a kwance. Wayarsa tsohuwa ce, sau da yawa kuma ina kira ba a ɗauka. Ina tunanin saya masa kwamfutar allo, ko irin na'urar nan da ake ajiyewa a kan tebur tana amsa kira da kanta. Wacce ta fi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Kafin ki fitar da kuɗi, ki sa wanda ke jinyarsa ya gaya miki dalilin da ya sa ba a ɗaukar kiran, domin ba safai laifin yake zama na wayar ba. Wurin sa caji a ɗakin marasa lafiya yawanci yana bayan gado ne, can wajen kai, igiyar cajar da ta zo da waya kuma gajeriya ce, saboda haka wayar ko dai tana jone a inda hannu ba ya kai wa, ko kuma tana kusa da shi amma batir ya mutu. Mutumin da aka yi wa aikin ƙugu ba zai iya murɗa jikinsa ya buɗe durowar gefen gado ba, ga allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, ga maganin rage zafi da ke sa shi barci da rana tsaka. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da sabuwar na'ura za ta magance.

Shawarata ita ce a bar masa wayar da yatsunsa suka saba da ita, tunda gadon asibiti ba wurin koyon sabon abu ba ne. Abin da za ki saya ƙanana ne: igiyar caja mai tsawon mita 2 ko 3, da mariƙin waya da ake maƙalawa a jikin teburin gado, yadda fuskar wayar za ta tsaya daidai da fuskarsa ba tare da ya riƙe ta ba. Abin da kawai zai sa in ce a sauya wayar shi ne idan ta tsufa har manhajar da kuke magana da ita ta daina aiki a kanta. A shekarar 2025 WhatsApp yana buƙatar Android 5.0 zuwa sama, ko iOS 15.1 a wayoyin iPhone.

Idan matsalar idanu ce, kuma lallai sai da babbar fuska, to ki zaɓi kwamfutar allo marar nauyi, mai inci 8 zuwa 10, wadda ke ɗaukar layin waya. Intanet ɗin kyauta na asibitoci da yawa yakan buɗe wani shafi da sai an danna amincewa a kansa, kuma yakan katse ya nemi a sake dannawa, abin da dattijo marar lafiya ba zai lura da shi ba. Wannan shafin kuma yana iya ba na'urorin tebur irin su Echo Show ta kamfanin Amazon wahala, tunda an ƙera su ne don intanet ɗin gida da wuta mai ɗorewa. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi: kyamarar da ke buɗe kanta a ɗakin da ake kwantar da mutane da yawa tana ɗaukar maƙwabcin gado a lokacin da ake canza masa tufafi, kuma ma'aikata suna da gaskiya idan suka hana. Ban kuma cika son na'urar da aiki ɗaya kawai ta iya ba, domin kamfani na iya watsar da ita: kamfanin Meta ya daina yin na'urarsa ta kiran bidiyo mai suna Portal a 2022, Microsoft kuma ya rufe manhajar kira ta Skype a watan Mayun 2025.

Duk abin da aka saya, a shirya shi kafin ya isa hannun Baba: a ƙara girman rubutu da ƙarar kira, a sa sunanki a saman jerin hira, a cire manhajar banki tunda wayar za ta riƙa kwana a sarari. Idan yana ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, kada a ɗora masa waya a ƙirji ko a aljihun gaba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a bar tazarar aƙalla santimita 15 tsakaninsu, musamman wayoyin da ke da maganaɗisu a bayansu.

Tambaya: Duk lokacin da na kira ɗakin da Mama take, sai nas ta ce ba za ta iya gaya mini komai ta waya ba. Ƙannena kuma kowa da abin da yake faɗa. Ni nake biyan kuɗin asibitin, shin ba ni da haƙƙin sani? Ko in ɗauki mai jinya ta haya da za ta riƙa ba ni rahoto?

Amsa: Ɗan'uwa, biyan kuɗi ba ya mayar da bayanin ciwon Mama ya zama naka. Sirrinta ne, kuma ita ke da ikon cewa a faɗa wa wane. A Amurka akwai dokar HIPAA ta 1996 mai kare sirrin bayanan marasa lafiya, a Tarayyar Turai akwai dokar kare bayanai da ta fara aiki a watan Mayun 2018, kuma ko a inda babu doka mai tsauri haka, ƙa'idar aikin likita ta hana a bai wa muryar da ba a san mai ita ba labarin marar lafiya. Nas ɗin ba ta ganinka. Abin da za a yi mai sauƙi ne: Mama da bakinta ta gaya wa likita ko shugabar ɗakin cewa ta yarda a yi magana da kai, a rubuta sunanka da lambarka a fayil ɗinta. Wasu asibitocin ma sukan amince da wata kalma ta sirri da za ka faɗa idan ka kira. A yi wannan yanzu da take cikin hayyacinta, a kuma tambayi asibitin yadda ake naɗa wakilin da zai yanke shawara a madadinta idan ta kasa magana, domin tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Sai lokacin kira. Kada ka kira a lokacin da masu aikin dare ke miƙa wa na safe, ko lokacin rabon magani. Ka tambayi shugabar ɗakin sa'ar da ta fi musu sauƙi, ka kuma tsaya a kanta. Abin da ya fi duka amfani shi ne ƙaninka ya kira ka a lokacin zagayen likitoci, ya nemi izinin likita ya buɗe muryar wayar, ka ji da kunnenka. Minti biyu ko uku za ka samu, don haka ka rubuta tambayoyinka tun da wuri: mene ne sunan ciwon, me aka canza yau, wane sakamako ake jira, me ya rage kafin a sallame ta. Kada a naɗi muryar likita sai da saninsa.

Saɓanin ƙannenka kuwa, maganinsa littafin rubutu ɗaya a gefen gado, da mutum ɗaya da aka yarda shi ne mai magana da likitoci, shi ne kuma zai tura saƙo ɗaya a rana ga sauran 'yan'uwa. Game da mai jinya ta haya, ina goyon baya idan ƙannen sun gaji, musamman don kwanan dare, bayan an tabbatar asibitin ya yarda da hakan. Amma ka ɗauke ta don ta ba Mama abinci, ta taimaka mata ta juya, ta sa waya a caji, ba don ta zama idonka a kan 'yan'uwanka ba. Ba aikinta ba ne ba da magani ko fassara sakamakon gwaji, kuma kada a ba ta katin banki. Bari in ƙara da abin da ba ka tambaya ba. Wanda ya kwana a kan kujera yana gyara wa Mama shimfiɗa, idan wayarka ta shigo da tambayoyi kamar na mai binciken laifi, zai fara ƙin ɗauka, ko ya riƙa ce maka da sauƙi kawai don a rabu lafiya. Ka fara da tambayarsa ko ya samu ya runtsa.

Tambaya: Ina so in aika wa mahaifina fawa bank da abin sauraro na kunne marar igiya ta gidan waya. Wane girma zan saya?

Amsa: Kada ka aika, Malam, a saya a can inda yake. Batirin litiyam da ba ya cikin wata na'ura yana da ƙa'idoji masu tsauri: kamfanonin jiragen sama sun hana sa shi a kayan da ake aunawa, gidajen waya da yawa kuma ba sa karɓarsa zuwa ƙetare. Idan wani matafiyi ne zai riƙe a jakar hannu, iyakar da aka saba ita ce Wh 100 (Wh ma'aunin ƙarfin batir ne), fawa bank mai mAh 20,000 (ma'aunin girman da ake rubutawa a jikinsa) kuma yana wajen Wh 74. Amma mai mAh 10,000 ya isa, yana cika waya kusan sau biyu, kuma bai yi nauyi ba. Kada a yi caji a ƙarƙashin matashi ko kusa da bututun iskar oksijin. Abin kunne kuwa, mai igiya ya fi, saboda marar igiyar yana buƙatar nasa cajin, kuma ƙanƙantarsa takan sa ya ɓace a cikin zanin gado ya bi kayan wanki.

Tambaya: Kwana biyu ke nan idan na kira Mama ta bidiyo sai ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, tana cewa a mayar da ita gida. Kafin a kwantar da ita ƙalau take. In daina kira ne don kada in ƙara rikita ta? Kuma in sayi tikiti yanzu, ko in jira?

Amsa: 'Yar'uwa, abu na farko ba saye ba ne. Yau ɗin nan a gaya wa likita cewa wannan ba halin Mama ba ne, a kuma faɗi ranar da abin ya fara. Ruɗewar da ke zuwa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, tana lafawa tana dawowa, ta fi tsanani da yamma, abu ne sananne ga tsofaffi a asibiti, kuma ta bambanta da ciwon mantuwa wanda ke shiga a hankali cikin watanni da shekaru. Sau da yawa akwai dalili da ake iya magancewa: ƙwayar cuta a mafitsara ko a huhu, ƙarancin ruwa a jiki, wani magani da aka fara, zafin ciwo, riƙewar fitsari ko bayan gida, rashin barci. Likitan da bai san Mama ba sai a kan gado zai iya ɗauka tsufa ne, ke ce kika san yadda take a makon jiya.

Kada ki daina kira, ki dai sauya yadda kike yi. A wani bincike da Dakta Sharon Inouye ta jagoranta a Jami'ar Yale, wanda aka buga a 1999, an bi marasa lafiya 852 masu shekara 70 zuwa sama. Waɗanda aka riƙa tuna musu rana da wuri, aka ba su tabaransu da abin jinsu, aka kula da barcinsu da shan ruwansu da motsa jikinsu, kusan kashi 10 cikin 100 ne suka ruɗe, a sauran kuwa kashi 15. Muryar da ta sani tana cikin abin da ke riƙe ta. Ki kira da hantsi a agogonsu, minti biyar ya isa, mutum ɗaya a fuskar waya maimakon taron dangi. Kada ki ce mata, "Mama, kin gane ni?" domin jarrabawa ce da za ta tsorata ta. Ki faɗi sunanki, ki ce yau Talata ce, tana asibiti, wane yana zaune kusa da ita. Idan ta kira ki da sunan marigayiyar, ki sake faɗin naki a hankali ba tare da gardama ba. Ki aika gajeren saƙon murya da mai jinya zai kunna mata da dare. Abin saye a nan shi ne agogo mai manyan lambobi, da kalanda, da hotunan iyali da aka wanke a takarda. Ki kuma lura da sauyin agogo idan ƙasar da kike tana yi: a Turai Lahadin ƙarshe na Maris da na Oktoba, a Amurka da Kanada Lahadi na biyu na Maris da na farko na Nuwamba.

Maganar tikiti, zuwa da kai ya fi aike, amma hutun aiki da kuɗin jirgi ba sa isa a yi zuwa biyu ga yawancin mutane, don haka ki tambayi likitan kai tsaye: "Da mahaifiyarka ce kana nesa, za ka taho yanzu?" Likitoci sukan yi taka-tsantsan da hasashe, amma wannan tambayar sukan amsa ta da gaskiya. Idan ya ce ki taho, ko aka mayar da ita sashen kulawa ta musamman, ko aka fara neman a zauna da iyali, to kada ki jira farashi ya sauka. Idan kuwa ya ce an gano dalilin kuma tana samun sauƙi, ki ajiye hutunki don makon da za a sallame ta, lokacin da nas ba ta nan, masu jinya sun gaji, ga magunguna da komawa asibiti da za a tsara.

Ko wanne ne, ki shirya tun yau. Ki duba fasfo, domin ƙasashe da yawa suna neman ya rage masa wata 6, ki duba ko takardar zamanki ta ba ki damar fita da dawowa, ki sanar da wurin aikinki. Ki sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa, kai tsaye daga kamfanin jirgin, saboda sauya tikitin da aka saya ta hannun dillalin intanet yakan ɗau lokacin da ba ki da shi. Inshorar tafiya kuma ki karanta sharuɗɗanta kafin ki biya, tunda da yawa ba sa biyan asarar da ta taso daga ciwon ɗan'uwa da aka riga aka sani kafin a saye su.