Amsa ga 'yar'uwar da sikeli ya tsaya mata

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin daina cin shinkafa da burodi da duk wani abu mai sitaci, kina shan shayin rage ƙiba da ruwan ɗumi da lemon tsami kowace safiya. Kilo 3 suka tafi a makon farko, daga nan sikeli ya tsaya cak, shi ne kike tambaya ko ki koma cin abinci sau ɗaya a rana. Don Allah kada ki yi. Na bi wannan hanyar bayan haihuwata ta biyu, na san inda take kaiwa.

Waɗannan kilo 3 da suka faranta miki rai, yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. Da kin yanke sitaci sai jiki ya cinye ajiyar, ruwan ya bi fitsari. Kitsen yana nan inda yake, shi a hankali yake tafiya. Abin da likitoci ke ɗauka raguwa mai kyau shi ne rabin kilo zuwa kilo 1 a mako.

Shayin nan ne ya fi ci min rai. Ki juya kwalin ki karanta abin da aka haɗa. Da yawa daga cikinsu akwai ganyen filasko, wanda aikinsa sa gudawa. Cikinki zai lafe da safe, ki ɗauka teɓa ce ta sauka, alhali ruwa da gishirin jikinki kike zubarwa. Ni sai da na miƙe daga kan kujera wata rana da jariri a hannuna, idona ya yi duhu, na dafa bango ina karkarwa, sannan na yarda cewa cutar da kaina nake yi. Batun wai yana wanke dattin jiki kuwa, wannan aikin hanta da ƙoda ne, dare da rana suke yinsa. Ruwan lemon tsamin ma ba ya narkar da kitse. Ki sha in kina jin daɗinsa, amma ki kurkure baki bayansa saboda tsamin yana cin haƙori.

Da na koma ci sau ɗaya, wuni nake yi da ciwon kai da saurin fushi, dare na yi kuma in ci abincin mutum biyu. Jikin da aka hora da yunwa har tsokarsa yake ci, ga shi tsoka ce ke taimakawa wajen ƙona abinci. Shi ya sa da na gaji na saki, ƙibar ta dawo har da ƙari.

Abin da ya yi min aiki bai da wani armashi. Na dawo da shinkafata, na rage yawanta, na cika rabin faranti da ganye, na ƙara wake ko ƙwai ko kifi don su riƙe ciki. Sai na sa ido kan mai, wanda a da ban taɓa lissafa shi ba: giram ɗaya na mai kalori 9 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na sitaci 4, cokalin cin abinci ɗaya na mai kuma ya kai kalori 120. Na daina tuttula shi daga gora, na koma aunawa. Lemon kwalba ma na bar shi, gwangwani ɗaya kan ɗauki kusan giram 35 na sukari, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana. Kuma a lissafinta har da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, waɗanda muke sha muna cewa ai na lafiya ne.

Ki haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana 5 a mako, ki samu isasshen barci. Ki riƙa auna ƙugunki da tef sau ɗaya a wata, don wani lokaci siket kan yi sako-sako sikeli bai motsa ba. Idan kina shayarwa, ko kina da ciwon sukari ko hawan jini, ki fara ganin likita kafin ki canza komai, shayin kuma ki tafi masa da kwalin ya gani.