Zaɓen da ba a yi wa layi ba: amsa ga yayana na Kano

Assalamu alaikum Yaya. Saƙonka ya iso. Ka ce ka bi labarin zaɓen majalisun yankuna da aka yi a nan Kamaru ranar Lahadi 6 ga Disamba, 2020, ba ka ga layin masu jefa ƙuri'a a unguwarmu ba, ba ka ga kowa cikinmu da tawada a yatsa ba, shi ne kake tambaya ko hana mu aka yi don ana ganin mu baƙi ne. Ba wanda ya hana mu. Ni dai ban jefa ba, amma maƙwabcina ɗan ƙabilar Ewondo, wanda kaka da kakanni a Yawunde aka binne cibiyarsu, shi ma bai jefa ba. Ranar yana gida, matarsa tana wanki, shi yana kallon ƙwallo. Zaɓen ne ba na talakawa ba.

Ku a Kano kun saba kowace mazaɓa ta fito ta zaɓi ɗan majalisar jiharta da hannunta, a tara mutum 40 a kai su majalisa, ga gwamna shi ma ku kuka zaɓe shi. Nan ba haka ba ne. Yankuna goma gare mu, kowanne da majalisa mai kujera 90, jimilla 900. Kujera 70 na wakilan gundumomi ne, kuma kansilolin ƙananan hukumomi ne kaɗai ke zaɓen su. Sauran 20 na sarakuna ne, sarakuna ke zaɓen 'yan'uwansu. Kamar dai ɗaurin aure: waliyyai ne a zaure, ango da amarya suna cikin gida sai dai su ji guɗa. Kansilolin ƙasar kaf dubu goma ne da ɗoriya, a ƙananan hukumomi 360. Gwamna kuwa har gobe shugaban ƙasa ke naɗa shi.

Ba mutum ɗaya ake dangwala wa ba, jerin sunaye ne. Kowace jam'iyya ta kawo jerinta a gunduma, zagaye ɗaya tak. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe kujerun gundumar ƙaf, ko ɗaya ba ya bari. In babu wanda ya haura rabi, na gaba ya ɗauki rabin kujerun, a raba ragowar gwargwadon ƙuri'un kowa, wanda bai kai kashi 5 cikin ɗari ba ya tafi hannu rabbana. A ɓangaren sarakuna babu ma rabon, jerin da ya fi ƙuri'a shi ya ci. Wa'adi shekara biyar. Hukumar zaɓe ta ELECAM ce ta shirya.

To ka ga ashe an gama zaɓen Disamba tun ranar 9 ga Fabrairu, 2020, ranar da aka zaɓi kansiloli da 'yan majalisar ƙasa. Wancan ne namu, kuma mun fita. Ni da kaina na tura Inna a mota har bakin makarantar da rumfarmu take, tana riƙe da katinta a ƙulle cikin bakin zane. Jam'iyyar RDPC ta Shugaba Paul Biya ta ci ƙananan hukumomi fiye da 300. MRC ta Maurice Kamto ta ƙaurace, saboda haka ba ta da kansila ko ɗaya da zai jefa mata ƙuri'a a Disamba. SDF ta John Fru Ndi ta shiga na Fabrairu, amma da aka zo na yankuna ta ce ba da ita ba sai an kawo ƙarshen yaƙin yankunan masu Turancin Ingilishi. Duk mai lissafi ya san sakamako kafin a buɗe akwati: RDPC ta ɗauki yankuna tara. Na goman shi ne Adamawa, wato Adamawarmu ta Ngaundere, ba taku ta Yola ba, inda UNDP ta Bello Bouba Maigari ta yi rinjaye. Kada ka ce 'yan adawa sun yi abin kirki, domin a lokacin shi kansa Bello Bouba minista ne a gwamnatin Biya. Duk da haka a shagunan teloli na unguwarmu an yi ta murna kamar mu muka ci, don kusan kowane gida yana da dangi a Ngaundere ko Tibati ko Banyo.

Abin dariya, abin takaici, majalisun nan tun a kundin tsarin mulkin 18 ga Janairu, 1996 aka rubuta su. Yaron da aka haifa ranar ya yi aure ya haihu kafin a kafa su. A 2008 aka sauya wa larduna suna suka koma yankuna, aka sauya allunan ofisoshi, shi ke nan aka yi shiru. Wutar da ta tashi a Bamenda da Buea, manyan biranen yankunan masu Turancin Ingilishi, daga ƙarshen 2016 ce ta sa aka tuna da su. Aka kira babban taron ƙasa daga 30 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, 2019, aka fito da dokar raba iko ranar 24 ga Disamba na shekarar, aka ba Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma matsayi na musamman, majalisarsu ta zama zaure biyu, na wakilai da na sarakuna. Masu bindiga a daji ba su karɓa ba, kuma a ranar zaɓen an kashe wani kansila a Arewa maso Yamma. Hausawan tsohon garin Bamenda da suka gudo wurin dangi a nan, wasu har da kekunan ɗinkinsu, su suka fi mu sanin abin da rikicin ya ci.

Yanzu bari in zo inda tambayarka ta taɓa ni, don akwai gaskiya a gefenta, ba dai inda ka nema ba. Kundin 1996 ya ce shugaban majalisar yanki dole ya zama ɗan asalin yankin. Dokar zaɓe ta ce sarakunan da za su yi zaɓe su zama 'yan asali waɗanda hukuma ta tabbatar da naɗinsu. Dokar 2019 ta ƙara da cewa magajin babban birni shi ma sai ɗan asalin yankin. Amma babu inda aka zauna aka fayyace shekara nawa zuri'a za ta yi a wuri kafin ta zama 'yar asali. Kakan mahaifinmu, ƙanin kakan mahaifinku, ya baro Kano da ayarin fatake, ya bi ta Yola, Ngaundere, Tibati, Yoko, ya sauko kudu tun Jamusawa na mulki. Goro da hauren giwa suka kawo shi, tufafi ya kawo wa mutanen gari. Unguwarmu Briketeri, wadda muke ce wa Birik, sunanta daga wurin gasa bulo na zamanin Turawa ya samo asali, kuma yau tana tsakiyar birni a ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu. Mun haura shekara ɗari a garin. Duk da haka da aka zaɓi Gilbert Tsimi Evouna, tsohon mai riƙe da birnin Yawunde, ya shugabanci majalisar yankin Tsakiya, ba wanda ya yi mamaki a Birik, ba kuma wanda ya yi mafarkin ɗan unguwarmu a kujerar. Kansila muna iya zama, ɗan majalisar yanki ma doka ba ta hana ba, har cewa ta yi jerin sunaye ya nuna al'ummomin da ke zaune a wurin. Kujerar sama ce aka kewaye.

Ina jin zafin abin, ba zan ɓoye maka ba. Amma kafin ka ce "ka ji ba, na faɗa", ka tuna da takardar shaidar asali ta wajenku. Inyamurin da aka haifi ubansa a Sabon Gari, wa zai ba shi takarar gwamna a Kano? Hausawan Jos shekara nawa ana jan wannan magana da su, har jini ya zuba? Mu a nan ko ba komai gardamar a bakin teburin mai shayi take tsayawa. Kuma in za a yi adalci, mutanen Ewondo da na Duwala da suka nemi a sa wannan sharaɗi ba mu suke tsoro ba. Garuruwansu ne suka cika da jama'a daga ko'ina har suka zama 'yan tsiraru a ƙasar iyayensu, filaye suka tafi. Ina fahimtarsu, don rabin jinina nasu ne.

Na san wannan ma kuna yi da mu a kai. Lokacin da na zo bikin ɗiyar Goggo, wata tsohuwa a gidanku ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne ɗan arniyar?" Na yi dariya don ba a musu da tsohuwa, amma maganar ta kwana da ni. Inna 'yar Ewondo ce, ta musulunta kafin aurenta, ta yi Hajji, kuma ita ce ke tashin gidan nan da asuba tun muna yara, da ruwan sanyi in ta kama. Hausarta ta fi tawa karin magana, don a hannun kakarmu ta koya, tsohuwar da har ta rasu ba ta yarda ta yi Faransanci ba. A gidanmu ana tuƙa tuwon masara da miyar kuka, washegari a daka ganyen rogo a yi kwem irin na dangin Inna, a ci da bobolo, wato ƙullin rogo. Kawunnaina Kiristoci ne, da Babbar Sallah su ke zuwa su riƙe ƙafar rago, da Kirsimeti mu kai musu shinkafa da mai. Da aka zo rushe wasu gidaje a layinmu shekarun baya, ɗaya daga cikinsu ne ya shiga ya fita a ofisoshi da yarensu har aka saurare mu. Fataken da suka zo ba da mata suka zo ba, Yaya. Da ba su auri 'yan gari ba, da babu wanda zai rubuto maka wannan da Hausa.

Ko mu Hausawa ne har yanzu? Ka zo Birik ana saura kwana uku Sallah ka gani. Kekunan ɗinki har asuba, shadda da yadi a rataye ƙofa bayan ƙofa, hayaƙin tsire ya rufe titi, manyan ma'aikata da kwat suna ajiye motoci suna layi gaban mahauta, almajirai na karatun allo a soro, tsofaffi sun kewaye rediyo suna jin labaran ƙarfe takwas da rabi. Gaskiya ne muna cewa za mu "meri", wato ofishin ƙaramar hukuma, karɓo takarda, muna kiran "perefe" da "komisariya", muna lissafi da sefa. Ku ma ai bakinku cike yake da Turancin Ingila, ba wanda ya ce kun bar Hausa. Abin da ya fi ba ni dariya, a nan kudu duk Musulmin da ya sa doguwar riga Bahaushe ne, ko Bafulatani ne ko Babarbare ko Bakotoko. A wani ofishi an taɓa riƙe mini takarda ana neman in kawo shaidar haihuwar mahaifina da ta kakana, wai sunana ya yi kama da na Najeriya. Na je Kantin Kwari kuma, ina buɗe baki aka ce ɗan Kamaru ya zo, aka ƙara mini kuɗin atamfa.

Maganar sarakuna ita ce ta fi ɗaukar hankalin dattawanmu. Tun dokar 1977 aka kasa sarautu daraja uku, kuma daga 2013 gwamnati ke biyan su duk wata: sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. A arewa, inda lamidon Ngaundere ko na Garwa ko na Rey Buba ke da fada da dogarai, kujeru 20 ɗin nan ba wasa ba ne, an yi kamun ƙafa sosai, kuma a waɗannan fadoji Sarkin Hausawa tsohuwar sarauta ce mai wurin zamanta. Baffa yana ganin wannan ita ce hanyarmu, mu riƙe sarautun unguwanni da kyau, mu zauna lafiya da hukuma, kamar yadda iyaye suka yi da Jamusawa da Faransawa. Ni kuwa ina ganin sarkin da ke jiran albashi daga hannun wanda ya tabbatar da naɗinsa ba zai ɗaga murya a zauren majalisa ba.

Su majalisun ma me suka samu? A takarda an ba su makarantun sakandare, wasu hanyoyi, asibitocin yanki da tsara ci gaba. Dokar 2019 ta yi alkawarin aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati ga yankuna da ƙananan hukumomi, amma shugabannin majalisun, 'yan jam'iyya mai mulki da kansu, sun yi ta kukan kuɗi da ma'aikata ba su iso ba. Babban sakataren kowace majalisa daga fadar shugaban ƙasa ake naɗo shi, kuma shugaban ƙasa na da ikon dakatar da majalisar ko ya rushe ta. Kwatar layinmu da ke ambaliya duk damina ba ta san an yi zaɓe ba.

Shi ya sa ni da wasu abokai muka daina ɓata baki a kan kujerar da aka kewaye, muka koma kan wadda take buɗe. Tunda kansila ne ke zaɓen ɗan majalisar yanki, shi ke zaɓen magajin gari, yana kuma cikin masu zaɓen sanata, to kansila muke so, da yawa. Matsalarmu ba doka ba ce kaɗai. Samarinmu da dama ba su da katin zaɓe, wasu ko takardar haihuwa babu, don an haife su a gida an yi suna an watse, ba wanda ya je meri cikin wa'adi. Sai yaro ya kai ajin jarrabawa a tarar ba shi da takarda, a shiga bin kotu. Yanzu duk gidan da aka yi haihuwa a layinmu, kafin a yanka ragon suna sai ɗayanmu ya je ya tambayi uban jariri ko an yi rajista. Baffa ya ce mun mayar da suna aikin ofis. Ranar sunan jikansa ma ban ɗaga masa ƙafa ba, sai da ya aika aka ɗauko takardar asibiti daga ƙarƙashin katifa.

Ka gaishe da Goggo da yara. Ka ce wa tsohuwar nan ɗan arniya yana gaishe ta, kuma Inna ta ba da turaren wuta a kai mata in an samu mai zuwa.