Sauya Sheƙa, Ƙuri'a da Sarkin Yawa

Wani mai karatu daga Gwadabawa ya tambaya: "Malam, me ya haɗa ɗan siyasa da sheƙa, har ake cewa ya sauya sheƙa?"

Malam, sheƙa ɗakin tsuntsu ce, tsinke da ciyawa da yake tarawa a reshe don ya yi ƙwai. Ba gidan gado ba ce. In reshen ya bushe, ko yara sun matsa da jifa, sai ya tashi ya kafa wata. Hikimar wanda ya fara aro kalmar ita ce bai zagi kowa ba, domin bai ce butulci ko cin amana ba, amma ya nuna cewa tsuntsun nan dai shi ne, masauki kawai ya sake. Mu Sakkwatawa ba sai an kai mu nesa neman misali ba. Wamakko ya baro ANPP ya ci gwamna a PDP a 2007, ya koma APC a 2013. Tambuwal ya bar PDP a 2014 yana kakakin Majalisar Wakilai, ya ci gwamna a APC a 2015, ya sake komawa PDP a 2018. Lura kuma, 'yan jarida ne suka fi riƙe kalmar. Jam'iyyar da aka bari cewa take yi "ya gudu", wadda ta karɓa ta ce "ya dawo gida".

Wata malama daga Mabera tana son asalin ƙuri'a. Larabci ce, Malama, kuma can asali ba zaɓe take nufi ba, jefa sa'a ce don raba gardama in an rasa wanda za a fifita. Daga nan muka gaji "jefa ƙuri'a".

Ta ƙara da cewa ko "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" shi ne dimokuraɗiyya a bakin Bahaushe? Kusa dai, amma ban yarda ya cika ba. Karin maganar ya girmi akwatin zaɓe, taron dangi yake yabo. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai tsaya ga yawa ba: mai neman gwamna sai ya haɗa da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, mu nan 23 gare mu. Yawan ma wani lokaci siriri ne, don a 2019 ƙuri'a 342 ce ta raba Tambuwal da Ahmed Aliyu, ɗan takarar gwamna na APC, bayan an je zagaye na cike giɓi.